SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI: ITATUWANMU DA GYAMBON CIKI



Maganarmu ta yau a kan ciwo take, ciwon da babu kasuwar da ba a tallar maganinshi. Ku duba Maraɗi da Tasawa, ku duba Magarya da Matamai, ku duba Madawa da Ƙonni da Tawa. Duk ranar kasuwa akwai mai tabarma da sassaƙe da saiwoyi da ƙullin gari. Kusa da shi kuma akwai mai tire cike da ƙwayoyin Nasara iri-iri. Kowanensu rantsuwa yake yi cewa nashi ne ke kashe gyambon ciki, wanda mutanen Najeriya ke ce ma olsa. Talaka yana tsaye a tsakaninsu, hannu ɗaya dafe da ciki, ɗaya riƙe da kuɗin da ya sayar da tiyar hatsi ya samu. Wa zai saurara?

Mutane sun rabu biyu kan wagga magana. Akwai waɗanda sunka yi lakwal, sunka ɗauka duk abin da ya fito daga daji jahilci ne. Akwai kuma masu cewa abin da kakanni sunka sha ya wuce bincike, tambaya ma raini ce. Duka biyun hutu suke nema, domin babu wanda ya yarda ya ɗauki wahalar gwaji.

Ga matsayinmu a fili. Itatuwanmu dukiya ce, kuma dukiyar da ba a auna ba ba a san darajarta ba. Dole a gwada su gwaji na gaskiya, a ƙasarmu, da hannun ɗiyanmu. Kafin a kai ga haka, kada mai gyambon ciki ya dogara gare su su kaɗai, domin an riga an san abin da ke kawo wanga ciwo, an kuma san abin da ke warkar da shi.

MINE NE GYAMBON CIKI?

Tumbin mutum yana fitar da ruwa mai tsami ƙwarai don narkar da abinci. Tsaminshi ya isa ya ci nama. To, don mi bai cinye tumbin kanshi ba? Domin fatar tumbi ta ciki tana da yaɓe, wani yauƙi mai kauri da ke tsare ta, kamar yadda yaɓe ke tsare bangon ƙasa daga ruwan damina. In yaɓen ya zube a wani wuri, ruwan tsami ya samu fata, sai ya ci ta har ta zama miki. Wanga miki shi ne gyambon ciki. Wani lokaci a cikin tumbi yake, wani lokaci a bakin ƙaramin hanji, inda abinci ke fita daga tumbi.

Mai shi yakan ji zafi ko ƙuna a ƙahon zuciya, sau da yawa da dare ko in ciki babu komi. Amma a lura, ba kowane zafin ciki ne gyambo ba. Da yawa masu cewa suna da shi, in an leƙa cikinsu da na'ura ba a ganin miki. Mai sayar da magani a bakin hanya ba shi da hanyar rarrabewa, ko na tabarma ne ko na tire.

MI KE ZUBAR DA YAƁEN?

Shekara da shekaru likitocin Turai suna cewa damuwa ce da yawan tsami. Mu kuma nan muna cewa yunwa ce da tonka. Sai a 1982, a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, wasu likitoci biyu, Robin Warren da Barry Marshall, sunka ware wata ƙwayar cuta mai kama da murɗaɗɗen zare daga tumbin majinyata. Sunanta Helikobakta. Manyan likitoci sunka ƙi yarda, sunka ce babu abin da zai rayu cikin irin wannan tsami. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwa mai ƙwayar cutar ya shanye da kanshi. Cikin ƴan kwanaki tumbinshi ya kumbura, anka duba anka same ta a ciki. A 2005 anka ba su biyun lambar Nobel, kuma a lokacin masu ba da lambar sun ce wagga ƙwaya ce ke kawo fiye da 90 cikin 100 na gyambon bakin hanji, da har 80 cikin 100 na gyambon tumbi.

Wayonta shi ne, tana fitar da wani sinadari da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita, sa'an nan ta nutse cikin yaɓen ta zauna. Ita ce gara a cikin bango. Yawanci tun ana yara ake ɗaukar ta, cikin gida, ta baki da hannu marar wanki da ruwa marar tsabta. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita. Wani babban lissafi na 2017 ya nuna a Afirka wajen mutum 7 ne cikin 10. Mafi yawansu ba za su yi gyambo ba har su mutu. Ɗaya ko biyu cikin goma ne kan yi. Amma a 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ta cikin abubuwan da anka tabbatar suna kawo sankarar tumbi.

Dalili na biyu yana kan tiren mai talla. Ƙwayoyin ciwon jiki, irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak, suna hana tumbi yin yaɓenshi. Manomi ya dawo gona a gajiye, ɗan dako ya sauke buhuna, ɗan kabu-kabu ya yini bisa babur, kowa ya sayi biyu ko uku ya haɗiye, gobe ma haka, jibi ma haka. Baya ya yi sauƙi, ciki yana ɓulewa. Abin baƙin ciki, wani ma don ciwon cikin yake sayen su, yana zuba ma wuta mai.

Taba tana hana gyambo warkewa, giya tana ƙara fama shi. Yunwa da tonka da shayi mai ƙarfi suna iya tayar ma mai miki da zafi, amma ba su ne sunka haƙa ramin ba.

SAUƘI DABAN, WARKEWA DABAN

Yanzu mu zo ga abin da muke sha a gida. Ba mu cewa mutanenmu ƙarya suke yi in sun ce sun ji sauƙi. Sun ji, kuma akwai dalili.

Kanwa, wadda ake kawowa daga ƙasar Manga da Kawar, tana kashe tsami nan take. Mai ƙunar ciki ya sha jiƙonta, ya yi gyatsa, ya huta. Bayan ɗan lokaci tsamin ya dawo. Kuma kanwa gishiri ce, yawanta yana tara ruwa a jiki, yana ƙara hawan jini. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya sunka danganta yawan kunun kanwa da kumburi da ciwon zuciyar da ke kama mata masu jego.

Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara fitar da tsami. Su kansu Nasara sun yi shekaru masu yawa suna ɗura ma majinyata madara kafin su gane haka su bari.

Kuɓewa da yoɗo da kuka suna da yauƙi mai laushi ga ciki, abinci ne mai kyau. A 2004 masu bincike a Jamus sun nuna cewa ruwan ɗanyar kuɓewa yana hana Helikobakta manne ma fatar tumbi. Amma a ɗakin bincike anka ga haka, kan ɗan yankin fata, ba a cikin mutum mai rai ba.

Bagaruwa da marke da sabara suna da bauri. Kowa ya san aikin bagaruwa a hannun majemi: tana ɗaure fata ta hana ta ruɓa. Wanga bauri shi ke sa ake shan su don zawo da ciwon ciki, ake kuma wanke miki da su. A 2005 masu bincike a Abuja sun ba ɓeraye ruwan saiwar sabara, sunka ga ya rage masu gyambo.

Sai dai a san yadda ake irin wanga gwaji. Ɓera lafiyayye ake ba tsimin itace, sa'an nan a ɗura mashi barasa mai ƙarfi ko ƙwayar da ke ƙona tumbi, bayan ƴan sa'o'i a yanka shi a ƙirga mikin. Wannan ya nuna itacen yana iya ƙara yaɓe. Bai nuna yana kashe garar da ta shekara talatin cikin bangon ɗan Adam ba. Gwajin ɓera ƙofar shiga ce, tafiyar tana gaba.

Ga kuma abin da ke ruɗin mutane: gyambon ciki yana lafawa da kanshi, ya yi watanni, ya sake tashi. Duk abin da mutum ya sha ranar da ciwon zai lafa, shi zai yi ma godiya. Ko maganin Nasara mai rage tsami, in shi kaɗai anka sha, fiye da rabin masu gyambo yana dawo masu cikin shekara guda. In anka kashe ƙwayar cutar kuwa, waɗanda yake dawo ma ba su kai 1 cikin 10 ba. Wanda ya yi yaɓe bai kashe gara ba, baɗi ma zai kwaɓa ƙasa.

ABIN DA GWAJI YA NUNA A WASU ƘASASHE

Kada wani ya ce Nasara ba su san darajar itace ba. Sun sani sarai, daga nan sunka yi arziki. Kinin daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu anka fitar da shi, a Faris, a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ɗiyanmu yau, asalinshi wani haki ne na ƙasar Sin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta sunka fitar da sinadarinshi a 1972, har ta samu lambar Nobel a 2015. Asfirin ɗin nan mai ɓula ciki, wanda kamfanin Bayer ya haɗa a 1897, shi ma zuriyar ɓawon itace ne. Abin da ya mai da su magani shi ne awo da gwaji. Ga misali huɗu kan gyambon ciki.

Na ɗaya, wata saiwa mai zaƙi da Larabawa ke ce ma irƙusus, Faransawa kuma reglis. A 1946 wani lokotoro na ƙasar Holan mai suna Revers ya lura masu gyambo suna samun sauƙi da haɗinta da wani mai farmasi ke sayarwa. Ya gwada, ya ga tana aiki, amma wajen mutum 1 cikin 5 ya kumbura. Daga sinadarinta anka haɗa wani magani a Ingila, wanda Richard Doll ya gwada a Landan a 1962, anka tabbatar yana gaggauta warkewar gyambon tumbi. Anka kuma tabbatar yana tara ruwa da gishiri a jiki, yana kawo hawan jini. Da anka samu abin da ya fi shi a 1976, sai anka jingine shi. Gwaji ya nuna amfani, ya nuna illa, kowa ya san inda ya tsaya.

Na biyu, ƙaron wani itace na tsibirin Kiyos a ƙasar Girka, wanda anka daɗe ana tauna don ciwon ciki. A 1998 wasu masu bincike a Ingila sunka ba da labarin cewa yana kashe Helikobakta cikin kwalba. Labari ya bazu, kasuwa ta buɗe. A 2003 anka ba mutum 8 masu ɗauke da ƙwayar cutar wanga ƙaro, giram 1 sau huɗu a yini har kwana 14. Babu ko ɗaya da ya rabu da ita.

Na uku, habbatus sauda, wadda babu gidan da bai san ta ba. A 2010 anka buga sakamakon wani gwaji a Saudiyya kan mutum 88. Waɗanda anka ba cikakken maganin likita, wajen 83 cikin 100 sun rabu da ƙwayar cutar. Waɗanda anka ba giram 2 na habbatus sauda a yini tare da maganin rage tsami, wajen 67 cikin 100. Masu giram 1 da masu giram 3, wajen 48 cikin 100. Wannan abin ƙarfafa zuciya ne, ya cancanci a bi shi. Amma ku duba: giram 3 bai kai giram 2 ba. Ashe yawan magani ba shi ne ƙarfinshi ba, kuma mutum 88 da anka raba kashi huɗu sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu.

Na huɗu, dogon yaro, wanda daga Indiya anka kawo mana shi. A 2004 masu bincike a can sun ba wasu majinyata kaɗan tsimin ɓawonshi da anka busar anka auna, sunka ga tsami ya ragu, miki ya rufe. A can Indiya da Malesiya kuma an ga yara ƙanana sun yi amai da farfaɗiya, wasu sun mutu, bayan an ba su man ɗiyan dogon yaro. Itace ɗaya, ɓawo daban, mai daban.

DARASIN BAMAKO

Wani zai ce wannan aikin masu kuɗi ne, talakan ƙasa ba zai iya ba. To, mu duba maƙwabta. Tun 1968 ƙasar Mali ta kafa cibiyar binciken maganin gargajiya a Bamako. Malamanta sunka zauna da masu magani, sunka zaɓi itatuwa, sunka tantance su, sunka auna gubarsu, sunka tsai da adadin da za a sha, sunka sa a leda da suna da bayani. Cikin magungunan da sunka fitar akwai Gastrosédal, na kumburin tumbi da gyambon ciki, wanda ya shiga jerin magungunan da ƙasar ta ɗauka na dole. Da mi anka yi shi? Da garin saiwar wani tsiro mai ɗaci da masana ke kira Vernonia kotschyana. Bahaushe ya san shi, shi ne domashi. Har yanzu gwajinshi kan mutane bai yi yawa ba, kuma babu wanda ya tabbatar yana kashe Helikobakta. Amma mai saye ya san abin da ke cikin ledar, ya san nawa zai sha, ya san wanda zai kama in an cuce shi.

A Najeriya ma, cikin shekarun 1990, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na amosanin jini, ta yi yarjejeniya da shi a rubuce kan rabonshi, ta fitar da Niprisan. A cikin haɗin akwai kanumfari da masoro da karan dafi, abubuwan da ke kasuwarmu.

Mu ma ba a sifiri muke ba. Tun 1916 wani lokotoro ɗan Birtaniya, Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa. A 1980 anka buga littafin itatuwan magani na ƙasar Nijar, aikin ayarin masana ƙarƙashin Édouard Adjanohoun. Hukumar da ta buga shi a Yamai anka kafa ta a 1970, kuma a lokacin bugun, shugabanta ɗan Maraɗi ne, masanin kimiyyar sinadarai, Dan Dicko Dankoulodo, wanda jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunanshi. An rubuta sunayen itatuwa, an rubuta abin da ake sha dominshi. Abin da ya rage shi ne babban aikin: a ɗauko su daga takarda a kai su gaban majinyaci bisa ƙa'ida.

NA DAJI MA YANA KISA

Masu talla da lasifika suna cewa na gargajiya in bai yi magani ba, ba ya cutarwa. Wagga magana ƙarya ce, kuma kowane makiyayi ya san haka. Zaƙami a daji yake, yana haukata mutum. Nonon tumfafiya yana ƙona ido. Ƙwanƙwani da shi kakanninmu ke dafa dafin kibiya. Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa, awo ne ke raba su.

Kuma awon jiƙo ba shi da tabbas. Sassaƙen rani da na damina ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na tudu da na fadama sun bambanta. Tafin hannun wani ya fi na wani. Garin da anka shanya a ƙasa yana kwasar ƙura da kashin dabbobi, wanda anka ajiye da laima yana yin fumfuna mai lalata hanta. A ƙasashe da dama an kama masu daka ƙwayoyin ciwon jiki suna zubawa cikin garin itace don mai sha ya ji sauƙi da wuri. Mai gyambo da ya sha irin wannan, wuƙa ya haɗiye.

Amma babbar illa ita ce jinkiri. Gyambo yana iya cin jijiya jini ya ɓalle. Yana iya ɓula tumbi gaba ɗaya. Sankarar tumbi kuma takan fara da irin zafin nan. Saboda haka kowa ya riƙe waɗanga alamomi, ya gaya ma iyalinshi:

1. Aman jini, ko amai baƙi kamar tukar gahawa.
2. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wari.
3. Ciwo mai tsanani farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar allo.
4. Jiri, suma, tafin hannu da ido su yi fari.
5. Amai kullum bayan cin abinci, ko abinci ya riƙa tsayawa a maƙogwaro.
6. Rama ba dalili, musamman ga wanda ya manyanta.

Wanda ya ga huɗun farko, ba a jira gari ya waye, ba a jira jiƙo ya tsimu. A nemi amalanke ko mota a kai shi likita. Biyun ƙarshe ma kada su kwana biyu ba a duba su ba.

Maganin likita kuwa ba asiri ba ne. Ana gane ƙwayar cutar da awon bayan gida, ko awon numfashi, ko leƙa tumbi da na'ura. Ana ba da maganin rage tsami irin su omefurazol, tare da magungunan kashe ƙwayar cuta iri biyu ko fiye, kwana 10 zuwa 14. Sharaɗin shi ne a shanye duka. Wanda ya sha kwana uku ya ji sauƙi ya bari, ya koya ma ƙwayar cutar dabarar tsira. Yawan shan Flagyl barkatai don kowane ciwon ciki ya riga ya sa a wurare da yawa na Afirka Helikobakta ba ta jin shi. Wannan ma wani dalili ne da ya sa binciken itatuwanmu ya zama na gaggawa: makaman da ke hannu suna dakushewa.

KIRANMU

Ga majinyaci: ka fara sanin abin da ke damunka. Ka bar ƙwayoyin ciwon jiki na tire. Ka bar taba. In kana shan jiƙo, ka gaya ma lokotoro ba tare da kunya ba, domin wani itace yana karo da wani magani. Mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro da mai ciwon ƙoda ko hanta, kada a ba su haɗin da ba a san abin da ke ciki ba.

Ga masu maganin gargajiya, iyayenmu: mun san akwai na gado, masu tsoron cin amana, akwai kuma ƴan neman kuɗi da sunka shigo jiya. Ku ne za ku raba kanku da su. Ku haddace alamomin nan shida, in kun gan su ku tura mutum likita. Wanda ya san iyakarshi shi ne gwani. Ku yarda a auna abin da ke hannunku, bisa yarjejeniya a rubuce da ke tsare sunanku da rabonku.

Ga likitoci da ma'aikatan lafiya: ku daina tsawa. Wanda anka kunyata don ya sha sassaƙe, gobe ba zai faɗi gaskiya ba, jibi ba zai dawo ba. Ku tambaya, ku rubuta sunan itacen da yadda anka sha shi. Wannan rubutu shi ne farkon bincike.

Ga mahukunta da jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram: a zaɓi itatuwa kaɗan da anka fi sha don ciwon ciki, a bi su har ƙarshe. A tantance iri, a auna guba, a tsai da adadi, sa'an nan a gwada kan majinyata da yardarsu, a kwatanta da maganin likita, a sake awon ƙwayar cutar bayan an gama. A faɗi sakamako da Hausa da Zabarmanci a rediyo, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. A sa awon Helikobakta da maganinta su kai ga likitar ƙauye bisa kuɗin da talaka zai iya. A hana tallar ƙarya, ta tire da ta tabarma. Tun 2003 ake bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka kowace 31 ga Agusta. Jawabi ya isa haka, a nuna mana abin da anka gwada.

Ga jama'a duka: a tsare itatuwan. Ku dubi maɗaci a bakin hanya, an sassaƙe shi har ya bushe a tsaye. In za a ɗebi ɓawo, a ɗebi gefe ɗaya, kada a kewaye gindi. In za a tono saiwa, a bar uwar. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna ma duniya cewa ana iyawa: tun cikin shekarun 1980, da sassabin zamani, sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakinsu. Kuma a tuna da rigakafi: rijiya mai murfi, salga a kowane gida, wanke hannu da sabulu kafin a sa cikin akushi. Nan ne ake tare ƙwayar cutar kafin ta shiga cikin yaro.

Ga rassanmu na garuruwa: a karanta wagga takarda a taro, da ƙarfi, don waɗanda ba su yi karatu ba su ji, mata ma a kai masu har gida. Kowane reshe ya samu littafi ɗaya. A je wurin tsofaffi da ungozomomi da makiyaya da ladabi, a rubuta sunan kowane itacen ciwon ciki, da sashen da ake ɗiba, da yadda ake haɗawa, da nawa ake sha, da illar da anka taɓa gani, da sunan wanda ya ba da ilimin in ya yarda. Tsoho in ya tafi, da abin da ke kanshi yake tafiya.

Wanda ya raina itacen ƙasarshi zai saye shi wata rana cikin kwali da tsada. Wanda ya ƙi a gwada shi kuma, da ran ɗan'uwanshi yake caca. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai magani ya kawo saninshi, malami ya kawo awonshi, hukuma ta kawo kuɗi da doka, mu kuma mu sa ido.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya karanta ya miƙa ma na kusa da shi.